A shagon ɗinki na haɗu da ais

Ni tela ne, ɗan tela. A cikin birnin Kano aka haife ni, a gidan da keken ɗinki ke zaune a zaure tun kafin a haife ni. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, keken ƙafa yake takawa, ni kuma tun ina firamare nake ɗaura maɓalli da yin kalmasa idan na dawo daga makarantar allo. Har na yi aure ban taɓa sa taba a bakina ba. Na fara da wannan ne saboda duk wanda ya ji an ce ɗan ƙwaya, wanda ke zuwa masa a rai shi ne ɗan daba mai jajayen idanu a cikin kango. Ni ba a kango na haɗu da ƙwayar da ake ce wa ais ba. A shago na haɗu da shi, da tef ɗin awo a wuyana, ina neman abin da zan ciyar da iyali.

Ni ne ɗan fari. Da mahaifinmu ya rasu, nauyin gida ya dawo kaina: Inna, ƙannena, sai matata da 'yarmu ƙarama. Na kama shago tare da wasu teloli, na ƙware a ɗinkin maza, kaftani da babbar riga da aikin wuya. Allah ya sa hannuna yana da kyau, kwastomomi suna zuwa.

Wanda ba tela ba bai san abin da watan azumi yake nufi a wurinmu ba. Abin da za ka samu a wannan watan da kuma gabanin Babbar Salla shi ne ke riƙe ka sauran shekara. Kuɗin haya, kuɗin makaranta, buhun abinci, duk a kansa suke. Saboda haka ba ka iya cewa a'a. Mutum zai kawo shadda yadi goma saura mako guda Salla, ya ce don Allah, kai ma ka san hannunka ya cika, amma ka karɓa. Da rana babu wuta, ga ƙishirwa, sai dare ya yi a tayar da janareta a hau aiki har sahur. Kowane shago da abin da yake riƙe ido da shi. Wasu goro, wasu shayi mai kauri, wasu gadagi irin na 'yan acaɓa na da, wasu kuma tramol a ɓoye. Ni shayi da goro ne nawa.

Sai 2020 ta zo da korona. Aka kulle Kano a watan Afrilu, azumin ya wuce muna cikin gida, ba hawan Salla, ba ɗinki. Ga shi kafin nan na karɓi keken aiki na lantarki bashi, ina biya kaɗan-kaɗan. Shekarar ta ƙare ina bin kowa da haƙuri. Da azumin 2021 ya kama, na ƙudura a raina sai na fita daga bashin nan gaba ɗaya. Na karɓi ɗinkin da ya fi ƙarfin mutum biyu, na karɓi kafin alƙalami, na kashe shi a biyan bashi. Azumi bai kai rabi ba na ga ba zan iya ba. Kaya sun taru har saman tebur, ni kuma ina gyangyaɗi a kan keke.

Akwai wani yaro da ke mana guga, wanda ya taɓa zama a Legas. Ni dai na lura ba ya gajiya. Wani dare ya tarar da ni na kifa kai a kan keke, ya ce, "Oga, akwai abin da zai riƙe ka har sahur. Ba irin tramol ba ne." Na ce masa ni ba na shan kayan maye. Ya ce, "Wallahi Oga ba ya sa maye. Ido kawai yake buɗewa." Wannan maganar ce ta kama ni, kuma na ji ta a bakin mutane da yawa daga baya. Mu a saninmu, maye shi ne mutum ya yi ta layi, harshe ya karye, ya faɗi a kwata. Abin da ke sa ka miƙe tsaf, ka yi magana tiryan-tiryan, ka yi aiki, ba mu sa shi a wannan layin ba. Ya buɗe wata 'yar leda, na ga wasu 'yan ƙwayoyi farare masu ƙyalli irin farfasasshiyar ƙanƙara. Ais suke ce masa. Likitoci kuma metamfetamin.

Zan faɗi gaskiyar abin da na ji, domin idan aka ce wa yaro babu komai a ciki sai wahala, ranar da ya gwada ya ji daɗi zai ce ƙarya aka yi masa a kan sauran ma. Cikin 'yan daƙiƙu barci ya ɗauke gaba ɗaya. Ciwon bayan da na yi shekaru da shi ya ɓace. Na ji kaina ya washe, na ji babu ɗinkin da ya fi ƙarfina, na ji ina son kowa a shagon. Na yi aiki har aka kira assalatu ban ɗaga kai ba. Aka kawo abincin sahur na kasa ci, ko ruwan ma da ƙyar na kurɓa. Gari ya waye, rana ta take, idona biyu. A wannan azumin na gama kayan kowa, na biya bashin keke. Mutane suna ta sa mini albarka.

Ranar Salla bayan an sauko daga idi na kwanta, ban san inda kaina yake ba sai washegari da yamma. Da na tashi, wani irin baƙin ciki ya rufe ni wanda ban san dalilinsa ba. Ga kuɗi a aljihu, ga 'yata cikin sabon kaya tana ta tsalle, ni kuma ina jin kamar an yi mini rasuwa. Na ci abinci kamar ba zan ƙoshi ba, na koma na kwanta. Na ɗauka gajiya ce. Na ce a raina ai na gama da shi, na aikin Salla ne kawai. Babbar Salla ta zo bayan wata biyu da 'yan kwanaki, na sake nema. Wannan karon abin da ya riƙe ni dare guda a da bai kai ni ko tsakar dare ba, sai na ƙara. Bayan Babbar Salla babu wani ɗinkin gaggawa, amma na ci gaba, domin idan ban sha ba ko almakashi ba na iya ɗagawa.

Sai daga baya wani likitan ƙwaƙwalwa ya zaunar da ni ya yi mini bayanin abin da ke faruwa. Ya ce akwai wani sinadari da ƙwaƙwalwa ke fitarwa, dofamin, shi ne ke sa mutum ya ji daɗin abinci, ya ji daɗin iyalinsa, ya ji marmarin tashi neman na kansa. Kaɗan-kaɗan take fitar da shi, gwargwadon buƙata. Ais kuwa yana tilasta mata ta zubo da shi da yawa a lokaci guda, kuma ya hana ta kwashe shi ta mayar. Haka yake yi wa ɗaya sinadarin da ke tayar da jiki idan mutum ya firgita, wanda ke sa zuciya gudu. Ya ce mini, "Malam, abin nan bai kawo maka ƙarfi daga waje ba. Rumbunka ya fasa, ka cinye hatsin shekara a mako guda." Ita kuma ƙwaƙwalwa, da ta ga ambaliyar ta yi yawa, sai ta rage wuraren da ke karɓar sinadarin don ta kare kanta. Daga nan abincin da kake so, da hirar abokai, da dariyar ɗanka, duk su daina isa gare ka. Ya ce hodar ibilis takan sake mutum cikin kamar awa guda, amma ais yakan riƙe shi awa takwas zuwa goma sha biyu, wani lokaci ya wuce haka, shi ya sa masu shansa ke jera kwanaki ba barci.

Aikin da na shiga abin dominsa shi ne ya fara lalacewa. Ina zaune a kan keke dare da rana, amma kaya ba sa fita. Zan ɗinka wuyan riga, in duba, in ga kamar layin ya karkace, in farke, in sake, in sake farkewa, har shaddar ta huhhuje ta daina karɓar allura. Gari zai waye ina kan wuya ɗaya. Wani dare na ji keken yana wata ƙara da ban yarda da ita ba, na ɗauko sukundireba na kwance shi gaba ɗaya. Na jera ƙusoshi da ƙananan ƙarafa a kan tabarma, ina goge kowanne da ƙyalle, ina sake jera su daga ƙarami zuwa babba. Abokan aiki suka zo da safe suka tarar da ni a tsakiyarsu, na kasa mayar da ko ɗaya. Keken da na sha wahalar biya ke nan. Likita ya ce wannan maimaita abu ɗaya ba gaira ba dalili sananne ne a wurin masu shan irin waɗannan ƙwayoyi. Na yanka shaddar wani bawan Allah mai tsada ba daidai ba, wadda ya saya don ɗaurin aurensa. Kwastomomi suka fara janyewa ɗaya bayan ɗaya.

Jikina kuwa kowa yana gani. Na rame har wandunan da na ɗinka wa kaina suka daina zama a ƙuguna. Bakina kullum a bushe, ba miyau, ina ta shan lemon kwalba don in jiƙa shi, ga cizon haƙora da nake yi ban sani ba har muƙamuƙina ya yi ciwo. Miyau ne ke kare haƙora, da ya ɗauke sai suka fara ruɓewa daga gindi, suka yi baƙi, suna gutsurewa. Zuciyata tana bugawa har ina jin ta a cikin kunnena. Gumi mai wari, ciwon kai ta ƙeya, hannu yana rawa har zare ya gagare ni sawa a allura. Sai kuma ƙaiƙayi. Na riƙa jin wasu ƙananan ƙwari suna tafiya a ƙarƙashin fatar hannuna. Na rantse suna nan. Da allurar hannu nake tone su, a ƙarƙashin fitilar keke, har damtsena ya cika da miki. Ga tabon nan har yau, shi ya sa ba na sa riga mai gajeren hannu.

Abin da ya fi yi mini ciwo idan na tuna shi ne abin da na yi wa matata. Rashin barci da ƙwayar suka haɗu suka sa na fara zargin kowa. Idan janareta na aiki, ina jin muryoyi a cikin ƙararsa suna ambaton sunana. Na yarda cewa telan da ke kusa da ni ya yi mini sammu don ya kwashe mini kwastomomi. A gida kuma, idan wayarta ta yi ƙara sai in ce da wa take magana. Ina leƙa ƙarƙashin gado, ina tsayawa a bayan ƙofa da tsakar dare ina sauraro. Yarinyar da aka ba ni ita da mutunci, wadda ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Wani dare ta durƙusa a gabana tana kuka, ta ce, "Maigida, don girman Allah ka faɗa mini abin da ke damunka. Wannan ba kai ba ne." Na daka mata tsawa, na yi jifa da kwanon abincin da ta ajiye mini. 'Yarmu ta farka ta maƙale a bayanta tana kallona. Da gari ya waye ta ɗauki yarinyar ta tafi gidansu, kuma daidai ta yi.

A gidanmu ba wanda ya kawo ƙwaya a ransa. Yaya za a yi, mutumin da ko taba ba ya sha? Aka ce aljanu ne, wasu suka ce sammu ne, tunda ni ma abin da nake faɗa ke nan. Aka yi ta karɓo rubutu da hayaƙi. Ba na raina addu'a, ita ce ta riƙe Inna a wannan lokacin, kuma na yi imani tana cikin abin da ya cece ni. Amma watanni sun tafi a haka ina ci gaba da sha a ɓoye. Allah ya saka wa wani malami da alheri, wanda aka kai ni wurinsa ruƙiyya. Ya yi karatunsa, ya daɗe yana kallon idona da hannuwana, sannan ya ja kawuna gefe ya ce, "Alhaji, ku kai yaron nan asibiti a auna shi. Mu za mu ci gaba da addu'a, amma wannan akwai abin da yake sha."

Da maganar ta fito, kawu ya fusata. Ya ce a kai ni gidan mari a ɗaure ni har in dawo hayyacina. Inna ce ta hana. Ta tuna abin da aka gani a 2019, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutane sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa, jikinsu duk tabon duka. Ta ce, "Yaya, ba za a sa wa ɗana mari ba ina raye." Ana cikin wannan ja-in-ja azumin 2022 ya kama, a tsakiyar zafin Afrilu.

A wannan azumin ne jikina ya ce ya gaji. Ka haɗa zafin Kano na sama da digiri 40, da mutumin da ba ya cin sahur, ba ya shan ruwan kirki, da ƙwayar da ita kanta tana ɗaga zafin jiki tana matse jijiyoyin jini. Fitsarina ya koma kalar shayi. Wata rana da la'asar ina shago na ji an danne mini ƙirji, numfashi ya gagara, jikina ya yi zafi rau, na faɗi. Abin da na iya tunawa a cikin a-daidaita-sahu shi ne muryar Inna. Ni ɗan fari ne, tunda na taso ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "kai" ko "wannan". Ranar ta ajiye kunya, ta riƙe kaina a cinyarta tana kiran sunana da ƙarfi a gaban mutane.

A asibiti aka ce jinina ya hau sosai, zuciya tana gudu ba bisa ƙa'ida ba, ƙoda kuma ta fara taɓuwa saboda rashin ruwa da naman jiki da ke narkewa yana bi ta cikinta. Aka yi ta sanyaya mini jiki, aka yi ƙarin ruwa. Gwajin fitsari ya nuna abin da nake sha. Likitan ya gaya wa kawu cewa da an ƙara jinkiri, ko jijiya ta fashe a ƙwaƙwalwa ko zuciyar ta tsaya, kuma yana ganin haka a samari 'yan shekara ashirin da wani abu. Da na ɗan farfaɗo aka mayar da ni asibitin masu taɓin hankali. Can aka ba ni maganin da ya kashe muryoyin, ya sa na yi barci. Cikin 'yan makonni zargin ya fara sakina, na fara gane cewa babu wanda ya yi mini sammu.

Mutane suna ɗauka idan an sallamo ka daga asibiti an gama. A wurina nan ne wahalar ta fara, kuma saboda wannan ɓangaren ne na zauna rubuta labarin nan. Likita ya faɗa mini tun farko cewa ais ba shi da wani magani da za a ba ka ya maye gurbinsa, irin yadda ake yi wa masu shan dangin kodin da tramol. Abin da ke akwai shi ne zaman shawara da masana, da nisantar wuraren da mutanen da ka saba sha da su, da lokaci. Na dawo ɗakin Inna. Watanni ina kwance, ba na jin daɗin komai. Ba ciwo ba ne da zan nuna wurinsa. A kawo tuwo da miyar kuka irin wadda nake so, in ci, ba ɗanɗano. A kawo mini 'yata in gan ta, in ɗauke ta, in san ina son ta, amma in nemi farin cikin a ƙirjina in rasa. Sai in shiga banɗaki in yi kuka. Mantuwa ta yi mini yawa, a faɗa mini magana yanzu, an jima ta ɓace. Akwai daren da na yi tunanin gara in huta da rayuwar gaba ɗaya. Na faɗa wa likita a zama na gaba, ya ce ya ji daɗi da na faɗa, domin wannan tunanin yana zuwa wa da yawa a wannan matakin, kuma shi ne lokacin da ya fi hatsari. Ya ƙara mini magani, ya ce wa ƙanena kada a bar ni ni kaɗai.

'Yan uwa kuwa suna ganin mutum lafiyayye yana kwance. Wasu suka fara cewa lalaci ne, ai an yi masa magani. Ina roƙon duk wanda ke da irin wannan mara lafiya a gida ya fahimci wannan: ba lalaci ba ne. Ƙwaƙwalwar ce ke gyara kanta, kuma a hankali take yi. Likitan ya ce hotunan ƙwaƙwalwa da aka ɗauka na waɗanda suka daina sun nuna tana farfaɗowa sosai, amma sai an haura shekara ba a sha ba. A cikin wannan shekarar, mutum ya san abu ɗaya ne tak zai dawo masa da walwala cikin daƙiƙa, kuma ya san inda ake sayar da shi. Gori a wannan lokacin tura shi can yake yi. Ni ma na koma na sha da Salla ta matso, ranar da na bi ta ƙofar tsohon shagonmu na ji ƙarar janareta da ƙamshin guga. Ƙanena ya gane a idona, ya ce, "Yaya, tashi mu koma wurin likita." Bai faɗa wa kowa ba, bai yi mini faɗa ba. Muka koma.

A watannin kwanciyar nan ne na riƙa karanta tarihin abin a waya, ina son in san me ya ci ni. A Japan aka fara haɗa shi a 1893, aka mayar da shi mai ƙyallin nan a 1919. A 1938 aka fara sayar da shi a Jamus da sunan Pervitin, kuma a Yaƙin Duniya na Biyu an raba wa sojojin Jamus miliyoyin ƙwayoyinsa don su yi tafiya dare da rana ba barci. Da na karanta wannan na daɗe shiru. Ashe tun asali da sunan aiki yake shiga, yadda ya shigo mini. A Najeriya kuma ba baƙo ba ne da ake kawowa daga waje kawai. A 2011 hukumar NDLEA ta gano wurin haɗa shi na farko a Legas, a 2016 ta gano wani babba a Asaba, har da 'yan ƙasar Meziko a cikin waɗanda aka kama. A 2021, shekarar da na fara, ƙasar Ibo ta ɗauki zafi a kansa, can suna kiransa mkpuru mmiri, har matasan gari suna kama masu sha suna zane su. A shekarar ce kuma aka kama ƙwayar kaftagon, 'yar uwar ais, a tashar jiragen ruwa ta Apapa, ita ce ta addabi Saudiyya da maƙwabtanta. Rahoton da Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar ƙididdiga ta ƙasa suka fitar na 2018 ya ce mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Najeriya, kimanin 89,000 daga ciki metamfetamin suke sha. Mu a Arewa hankalinmu yana kan kodin, wanda aka hana sirop ɗinsa a 2018, da tramol da wiwi. Iyaye sun san warin wiwi, sun san kwalbar sirop. Ais ba su san kamarsa ba, kuma alamarsa ta farko ita ce yaro ya ƙara ƙwazo. Ni yabo na sha a watannin farko.

Yaron da ya ba ni, ban riƙe shi a zuciya ba. Shi ma wani ne ya ce masa ba ya sa maye. Na je duba shi a gidansu bara. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, bai kai shekara talatin ba. Mahaifiyarsa ce ke ba shi abinci a baki. Da ya gan ni ya yi ƙoƙarin cewa "Oga", kalmar ta ƙi fita daidai. Na zauna kusa da shi har magariba.

Yanzu na koma ɗinki, amma ba a tsohon shagon ba. A zauren gidanmu nake, inda mahaifina ya zauna. Daɗin abubuwa ya dawo a hankali, ban ma san ranar da ya dawo ba, sai dai wata rana na ji ina dariya da gaske a kan wata magana da 'yata ta yi. Matata ta dawo bayan dogon zama tsakanin manya, bisa sharaɗin da mahaifinta ya gindaya cewa ba zan daina zuwa asibiti ba, kuma ban daina ba. An cire mini haƙora da dama. Ina shan maganin hawan jini kullum, likitan zuciya kuma ya ce naman zuciyata ya ɗan raunana, sai an ci gaba da dubawa. Sha'awar abin ba ta mutu gaba ɗaya ba. Takan taso idan aiki ya taru ko na kwana biyu ban yi barci sosai ba, idan ta taso kuma ina faɗa wa matata ko ƙanena a take.

Ina da yara biyu masu koyon aiki. Na zaunar da su na nuna musu damtsena, na buɗe baki na nuna musu gurbin haƙoran, na faɗa musu sunan abin da kamarsa da irin maganar da za a yi musu ranar da za a miƙo musu shi. A azumi ƙarfe goma sha biyun dare muke kashe janareta, ko kayan waye a kan keke. Bana tun kafin azumi ya kai goma na rufe karɓar ɗinki. Wasu tsofaffin kwastomomi sun ji haushi sun kai wani wuri, abin da na samu bai kai rabin na da ba, kuma har yanzu ina biyan mai shaddar ɗaurin auren nan kuɗinsa kaɗan-kaɗan duk ƙarshen wata.